Safari da Safara

Watanni kaɗan da suka wuce, bayan na daɗe ina tara ɗan abin da ya samu, na ƙudura niyyar in fita in ga wani sashe na Afirka wanda ba namu ba. Hutun mako biyu gare ni, guzurin kuma bai taka kara ya karya ba, saboda haka tilas in zaɓi wuri guda. Na tafi ofishin wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, aka miƙo mini wani ɗan littafi mai ƙyalƙyali, an rubuta kalmar safari da manyan baƙaƙe a bangonsa. Na buɗe. Kenya, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Botswana, Namibiya. Shafi bayan shafi zaki ne da giwa da raƙumin dawa. Mutanen da na gani a ciki iri biyu ne kawai: Turawa cikin mota riƙe da madubin hangen nesa, sai kuma samarin Masai da jajayen mayafai suna tsalle. Akawun wurin, wani dattijo mai fara'a, ya ɗora yatsa a kan wani shafi ya ce, "Malam, ai duk mai zuwa Afirka, Serengeti ya ke nema." Na ce, "Baba, ni ai a Afirka na ke." Muka yi dariya, na karɓi littafin na koma ɗaki. Amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat: wa ya zana wannan taswira da a ke miƙa wa matafiyi, kuma yaushe? Abin da na samo wajen neman amsa shi na ke so in gabatar wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu.

Mu fara da ita kalmar kanta. Safari kalmar Suwahili ce, ma'anarta tafiya, kowace irin tafiya, ko da zuwa ƙauye ne gaida surukai. Tushenta kuwa Larabci ne, watau safar, wadda duk wanda ya karanta babin sallar ƙasaru ya san ta. Daga wannan tushe muka sami tamu kalmar, safara, wadda mu ke nufin ɗaukar haja daga wani gari zuwa wani don ciniki. Ashe ke nan safari da safara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abin lura shi ne, a ƙarni na 19 aikinsu ma ɗaya ne, domin idan mutumin Zanzibar ya ce safari a wancan zamani, ayarin fatake ya ke nufi, babu ruwansa da kallon zaki.

Wajen shekarar 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa tsibirin Zanzibar. Gonakin kanumfari suka bunƙasa, suna bukatar bayi. A can Turai da Amurka kuma an matsu da hauren giwa don yin matajai da maɓallan fiyano da ƙwallayen wasan tebur. Waɗannan abubuwa biyu, haure da bayi, su suka raya babbar hanyar da ta tashi daga Bagamoyo a bakin teku, ta bi ta Tabora, ta tuƙe a Ujiji a gaɓar tafkin Tanganyika, tafiyar kilomita 1,200 ko kusa da haka, wadda kan ci wata uku. Bahaushe ba zai yi baƙunta a wannan labari ba. Yadda fatakenmu ke da madugu da jagaba a hanyar Gwanja ta neman goro, haka su ma su ke da jagoran ayari mai suna kirangozi, suna da zangunansu, suna biyan fito ga sarakunan da su ke ratsa ƙasarsu. Bambanci guda ne, amma babba. Mu muna da jakuna da takarkarai. Su kuwa ƙudan tsando ba ya barin dabbar kaya ta rayu a yawancin hanyar, saboda haka kowane haure, kowane bandir na akoko da a ke kira merikani saboda daga Amurka ya ke zuwa, a kan mutum ko a kafaɗarsa ya yi wannan tafiya. Yawancin 'yan dakon mutanen Nyamwezi ne na ƙasar Tabora, kuma da yawansu 'ya'ya ne masu karɓar lada, waɗanda suka ɗauki zuwa bakin teku abin alfahari ga saurayi. Kayan mutum guda ya kan kai kilo 30.

Wannan hanya Turawan da a ke kira masu gano ƙasashe suka bi. Burton da Speke sun tashi daga gaɓar Bagamoyo cikin 1857, suka isa Ujiji cikin Fabrairun 1858, kuma Larabawan Tabora ne suka ba su labarin tafkunan da su ke nema. Ban san yadda a ke gano wurin da mutane ke zuwa cin kasuwa duk shekara ba, amma haka littattafan makaranta suka koya mana. Ta rubuce-rubucen Burton, wajen 1860, kalmar safari ta shiga Turanci. Har a lokacin ma'anarta ayari. Abubuwa uku ne suka juya ta ta koma abin da mu ke ji yau: annoba, da layin dogo, da doka.

Annobar ita ce ciwon bushiya na shanu. Cikin 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu masu ɗauke da cutar ta tashar jiragen ruwa ta Massawa. Kafin shekara goma ta gama nahiyar, daga Habasha har Afirka ta Kudu, ta yi yamma har ƙasashenmu, inda Fulani suka ga tashin hankalin da ba su taɓa gani ba. A wurare da yawa shanu tara cikin goma suka mutu. Masai, waɗanda rayuwarsu duka ta rataya a kan saniya, yunwa da agana suka bi bayan annobar suka kusa ƙarar da su, har su kan kira wannan zamani Emutai, watau shafewa. Wani Bature ɗan Ostiriya, Oscar Baumann, ya ratsa Ngorongoro da Serengeti cikin 1892, ya rubuta irin ƙasusuwan mutane masu rai da ya gani suna bin ayarinsa neman abinci. To, da shanu suka ƙare, makiyaya suka watse, ba mai kiwo ba mai ƙona ciyawa, sai ƙaya da sarƙaƙiya suka mamaye makiyaya, tsando ya bi sarƙaƙiya, ciwon barci da sammore suka hana mutane da dabbobinsu dawowa. Namun daji kuwa suka farfaɗo da wuri. Saboda haka Baturen da ya iso wajen 1900 ya tarar da fili fetal cike da dabbobi ba kowa, ya ce ga Afirka nan yadda Allah ya halicce ta. Alhali kuwa kufai ya ke kallo, wanda bai fi shekara goma da zama kufai ba.

Sa'an nan layin dogo. Ingilishi suka fara shimfiɗa shi daga Mombasa cikin 1896, ya isa bakin tafkin Biktoriya cikin 1901. Leburori wajen 32,000 aka kwaso daga Indiya, kusan 2,500 suka mutu a kan aikin. Nairobi kanta zangon reluwe ce da aka kafa cikin 1899 a wata fadama ta Masai. Jirgin ya ci kuɗi mai yawa, ba kuma kayan da zai ɗauka, sai gwamnati ta shiga kiran Turawa su zo su yi noma, masu kuɗi kuma su zo farauta. Don a ba manoman fili aka tashi Masai sau biyu, cikin 1904 da kuma 1911, daga makiyayansu mafi kyau. Wanda ya yi wa farautar talla fiye da kowa shi ne Theodore Roosevelt. Da saukarsa daga shugabancin Amurka ya iso Mombasa cikin Afrilun 1909, ya fita ta Hartum cikin Maris na 1910. Shi da ɗansa Kermit sun harbe manyan dabbobi 512, ayarin gaba ɗaya ya aika wa gidan adana kayan tarihi na Smithsonian samfuri fiye da 11,000. Ɗaruruwan 'yan dako suka ɗauki tantunansa da littattafansa da gishirin jima. Jaridun duniya suka bi shi zango zango. Daga nan safari ta zama tafiyar mai kuɗi da bindiga, ɗan dakon da a dā shi ne safarin ya koma wani baƙin abu a gefen hoto. Har "manyan biyar" da littafin akawu ya yi ta nanatawa, watau zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, lissafin maharba ne na dabbobin da suka fi haɗarin tunkara a ƙasa.

Dokar kuwa ta fara da taron da ƙasashen mulkin mallaka suka yi a Landan cikin 1900, aka sake wani cikin 1933. A ƙasar Kenya Bature ya kan sayi lasin farauta na baƙi a kan fam 50. Ɗan ƙasa da ya haƙa rami ko ya ɗana tarko ko ya harba kibiya mai dafi, kamar yadda kakanninsa suka yi, sunansa ɓarawon nama. Daga wannan tunani gandayen daji suka fito: na Albert a Kwango, wanda a yau a ke kira Virunga, cikin 1925, na Kruger cikin 1926, wanda motoci uku kacal suka shiga cikin 1927, na Nairobi cikin 1946, Tsavo cikin 1948, Serengeti cikin 1951. Wani Bajamushe likitan dabbobi, Bernhard Grzimek, da ɗansa Michael suka ƙirga dabbobin Serengeti daga ƙaramin jirgin sama, suka yi sinimar da ta ci kyautar Oscar cikin 1960, wadda hujjarta ita ce gandu ba ya zama gandu sai ba mutum a ciki. Michael ya mutu a haɗarin jirgin cikin Janairun 1959. A shekarar nan kuma aka fitar da Masai daga Serengeti zuwa Ngorongoro, da alkawarin nan ne mazauninsu. Cikin 2022 gwamnatin Tanzaniya ta fara kwashe su daga Ngorongoron ma zuwa Msomera, can kusa da Handeni. A Afirka ta Kudu an kori mutanen Makuleke daga arewacin Kruger cikin 1969, ba su sami ƙasarsu ba sai 1998. Mu ma kada mu yi wa kowa dariya: wanda ya je Yankari, wadda aka keɓe cikin 1956, ya ga rijiyoyin Dukkey da tsofaffin matoyan ƙarfe, ya san dajin nan ya taɓa zama garin mutane.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa gandayen banza ne. Ba don su ba, da bindigar zamani da kasuwar haure sun share giwa da karkanda daga nahiyar. Nyerere, wanda ba wanda zai kira shi yaron Turawa, ya rungumi gandayen tun 1961, ya ƙara wasu, domin ya ga kuɗin waje da ƙasarsa ke bukata. Kenya ta hana farautar nishaɗi ɗungum cikin 1977, cikin 1989 kuma Shugaba Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a gaban duniya. Ƙaurar dabbar nan mai kama da ɓauna da Suwahilawa ke kira nyumbu abu ne da ba shi da na biyu a duniya, ni ma ina son in gani kafin in mutu. Sai dai ko ita tana da tarihi: a farkon shekarun 1960 yawansu bai fi 250,000 ba, sai da aka yi wa shanun kewaye allurar bushiya sa'an nan suka haura miliyan ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne littafin akawu ya ɓoye duk wannan, ya mai da ƙasa mai tarihi ta zama gidan kallon dabbobi, kuma ni ɗan Afirka a ke so in biya kuɗina in kalle ta da idon Roosevelt.

Ina cikin wannan saƙe-saƙe sai idona ya faɗa kan shafi na kusa da ƙarshe, inda aka ba kudancin Tanzaniya layi huɗu: gandun Selous da kogin Rufiji. Sunan kogin ya tsaya mini. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin wan mahaifinsa, wanda aka ɗauka soja a zamanin yaƙin Jamus na farko, aka sa su jirgin ruwa a Ikko, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da kawai wani abokinsa da ya dawo ya faɗa shi ne, sun sha yunwa a bakin wani babban kogi mai dorinai. Ba ni da wata takarda da za ta tabbatar mini wane kogi ne, amma ga abin da tarihi ya rubuta.

Wannan yanki ya riga ya sha wuya kafin yaƙin. A Ngarambe, daf da iyakar gandun, wani boka mai suna Kinjikitile ya raba wa jama'a ruwan da ya ce zai mai da harsashin Jamusawa ruwa, aka tayar da yaƙin Maji Maji cikin 1905. Jamusawa suka murƙushe shi da ƙona gonaki da rumbuna har 1907. Waɗanda yunwa ta kashe, masu lissafi sun sa su daga 75,000 zuwa 300,000. Shekara tara bayan haka, cikin Nuwamban 1916, birged ɗin Nijeriya mai bataliya huɗu ya tashi daga Ikko, ya kewaya ta Afirka ta Kudu, ya sauka Darussalam cikin Disamba. Da yawansu mutanen Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Aka tura su kai tsaye zuwa Rufiji su fuskanci sojojin Janar von Lettow-Vorbeck, waɗanda su ma yawancinsu baƙaƙe ne. Ran 4 ga Janairu, 1917, a wannan farmaki, harsashi ya sami wani kyaftin ɗan shekara 65 a wani wuri mai suna Beho Beho. Shi ne Frederick Selous, shahararren maharbin giwa, wanda ya taimaka wajen shirya wa Roosevelt tafiyarsa. Aka binne shi nan, kabarinsa yana nan da alama har yau, cikin 1922 kuma aka sa wa gandun sunansa.

Su kuwa sojojin Nijeriya damina ta rutsa da su a kudancin kogin, a wajejen Mkindu. Ruwa ya cinye hanyoyi, tsando ya kashe alfadarai, abinci ya yanke. Wata da watanni suna kan rabin kason abinci ko ƙasa da haka, suka koma cin naman dorina da saiwoyin daji, wasu saiwoyin masu guba. Wani hafsansu, Kyaftin Downes, ya rubuta littafi a kan wannan cikin 1919. Waɗanda suka tsira aka kai su kudu, inda a Mahiwa, cikin Oktoban 1917, Jamusawa suka yi musu zobe, birged ɗin ya yi asarar mutum fiye da 500 tsakanin matattu da masu rauni. Ragowar suka koma Ikko cikin Maris na 1918. Bayan yaƙi, cikin shekarun 1940, aka kwashe mutanen ƙasar Liwale da sunan kare su daga ciwon barci, aka haɗe ƙasarsu da gandun, har ya kai wajen murabba'in kilomita 50,000, ya fi ƙasar Siwizalan girma. Cikin 2019 aka yanki babban kaso daga cikinsa aka sa masa sunan Nyerere, aka kuma fara gina babbar madatsar ruwa ta lantarki a kan Rufiji.

Akwai waɗanda suka fi sojoji shan wuya, watau 'yan dako. Abin da ya hana jaki rayuwa a zamanin fatake shi ya hana shi a zamanin yaƙi, saboda haka aka koma kan ɗan Adam. Ingilishi suka kama mutane da ƙarfi daga Kenya da Yuganda da Nyasaland da sauransu, har da wasu daga Afirka ta Yamma, fiye da 90,000 suka mutu a ɓangarensu kaɗai. Wannan ita ce safari mafi girma da aka taɓa yi a Gabashin Afirka, amma ba ta cikin littafin akawu. Sunanta ya saura ne a unguwanni biyu: Kariakoo a Darussalam da Kariokor a Nairobi, dukansu daga sunan rundunar 'yan dako a Turanci, a wuraren da aka tara su. Cikin 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Selous mutum guda ya sami gandu. Su kuwa sun sami gunkin soja guda a tsakiyar Darussalam, wanda aka buɗe cikin 1927, ba suna ko ɗaya a jikinsa.

Da na koma ofishin na ce wa dattijon ba zan je Serengeti ba bana. Na shimfiɗa masa abin da na tsara. In sauka Darussalam, in kwana biyu a Kariakoo, wadda yanzu ita ce babbar kasuwar birnin. In hau mota zuwa Bagamoyo in ga tsohon masaukin ayari da kangon masallacin Kaole, wanda ya girmi zuwan Turawan Fotugal. Sa'an nan in shiga jirgin ƙasan TAZARA, wanda mutanen Sin suka gina tsakanin 1970 da 1975, wanda kuma ya ratsa arewacin gandun, in sauka a Kisaki, in nemi mai kai ni bakin Rufiji. In raƙumin dawa ya fito, madalla, zan kalle shi, kuma an ce ta tagar jirgin ma a kan gan su. Tabora da Ujiji sun fi ƙarfin mako biyu, na bar su sai wani jiƙon.

Dattijon ya duba takardar ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan ai ba safari ba ce, wahala ce. Ba mu da ita a jerin kayanmu." Ya sayar mini da tikitin jirgin sama kawai, sauran ya ce in ji da kaina. Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta tambaye ni zaki ko giwa ba. Ta ce in na isa bakin kogin in yi alwala in karanta wa mutumin nan Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ko da ba nan ya ke kwance ba, domin tun da ya tafi ba wanda ya yi masa sallar gawa.